Yadda ake yin giyar Port da halin iyalan da ke noma inabinta a kwarin Douro

Wata 'yar'uwa mai karatun harkar otal da abinci ta aiko da tambaya. Ta ce a darasinsu an ambaci giyar ƙasar Fotugal da ake kira Port, aka ce giya ce da aka ƙara wa ƙarfi, kuma gonakin iyali ne ke yin ta. Tana son sanin me ake ƙarawa, a wane lokaci, me ya sa take da zaƙi, sannan da gaske ne iyalai ke yin ta ko talla ce kawai ta 'yan kasuwa.

'Yar'uwa, kafin komai ki riƙe wannan: Port giya ce mai sa maye, ƙarfinta kashi 19 zuwa 22 cikin 100, alhali giyar inabi ta yau da kullum tana tsayawa wajen 12 zuwa 14. Zaƙinta yakan ruɗi wanda bai sani ba har ya ɗauka lemon inabi ne. Hukuncinta ga Musulmi hukuncin kowace giya ne, kuma masu girki kan zuba ta a miyar nama da kayan zaƙi, don haka wanda zai yi aiki a kicin ɗin otal yana da buƙatar ya gane ta ko don ya faɗa wa baƙo gaskiyar abin da ke cikin farantinsa.

Ana noma inabinta a wuri ɗaya tak, kwarin kogin Douro a arewa maso gabashin Fotugal, daga kusa da garin Peso da Régua har iyakar Sifaniya. Sunan Port daga birnin Porto ya fito, inda kogin ya faɗa teku, domin ta nan ake lodinta zuwa waje. Tsakanin gonakin da teku akwai tsaunukan Marão, su ne ke tare damshin da ke tasowa daga Atilantika. Shi ya sa yankin farko, Baixo Corgo, yake samun ruwan sama wajen milimita 900 a shekara, na tsakiya, Cima Corgo da ke kewaye da garin Pinhão, wajen 700, na gabas kuwa, Douro Superior, da ƙyar yake wuce 400. A tsakiyar bazara zafi yakan haura digiri 40. Mutanen wurin suna cewa wata tara na sanyi gare su, wata uku na wuta.

Ƙasar ma ba ƙasa ba ce irin wadda manomi ya saba. Dutse ne mai falle-falle da suke kira xisto, kuma a wurare da yawa fallayensa a tsaye suke, ba a kwance ba. Wannan tsayuwar ita ce rayuwar inabin: ruwan saman da ake yi a can lokacin hunturu yana bin tsagogin ya sauka ƙasa, saiwa ta bi shi mita da yawa, sai itacen ya rayu wata uku ko huɗu ba ɗigon ruwa. Inda dutsen ya koma giranit saiwa ba ta iya kutsawa haka, kuma doka tana rage wa irin wannan gona daraja.

Yanzu ga ainihin tambayarki. Giyar inabi ta yau da kullum ana barin yis ya cinye sukarin ruwan inabin kusan ƙaf, ya mayar da shi barasa, shi ya sa ba ta da zaƙi. A Port ba a bari ya gama. Idan ya ci kamar rabi, sai a zuba barasar inabi mai ƙarfin kashi 77 cikin 100, wadda suke kira aguardente. Yis ba ya iya rayuwa idan barasa ta wuce wajen kashi 15 ko 16, sai ya mutu nan take, sukarin da bai ci ba ya zauna. Ke nan ba sukari ake zuba mata ba. Zaƙin na inabin ne da kansa.

Ma'auninsu ganga ce mai suna pipa, lita 550. Ƙa'idar da aka gada ita ce lita 435 na ruwan inabi mai tsimuwa da lita 115 na aguardente, wato kusan huɗu da ɗaya. Ki yi lissafin da kanki. Idan ruwan ya kai ƙarfin kashi 5 lokacin da aka tsayar da shi, lita 435 na ɗauke da barasa zalla kusan lita 22. Lita 115 mai kashi 77 na ɗauke da lita 88 da rabi. Jimla lita 110 cikin 550, kashi 20 ke nan cif. Sukari kuma: inabin da ya nuna sosai yakan zo da giram 220 ko fiye a lita, yis ya ci wajen 90, saura 130, barasar da aka zuba ta sirka shi ya dawo kusan giram 100 a lita. Yawancin Port a nan take, tsakanin 80 da 120.

A takarda abin da sauƙi. Wahalar tana cikin lokaci. Launi da ƙamshi da baurin jan inabi duk a ɓawonsa suke, ruwan cikinsa fari ne. Mai yin giya ta yau da kullum yana da mako ɗaya ko biyu ya bar ɓawo cikin ruwa yana sakin launi a hankali. Mai yin Port kwana biyu ne gare shi, in ya yi yawa uku, daga nan dole ya raba ruwa da ɓawo ya zuba barasa. Abin da wani zai samu a kwana goma shi sai ya tatso shi cikin awa 36 zuwa 48, kuma ba tare da ya fasa ƙwallayen ciki ba, domin ƙwallon inabi in ya fashe ɗaci mai kaushi yake saki wanda shekaru ba sa gyara shi.

Dalilin taka inabi da ƙafa ke nan, ba don nishaɗin masu yawon buɗe ido ba. Ana yin sa a lagar, wani faffaɗan kwarmi na dutsen giranit, tsayin bangonsa bai cika wuce cinya ba. Faɗinsa da rashin zurfinsa suna sa ruwa ya haɗu da ɓawo sosai, zafin tsimuwa kuma ya riƙa fita. Ana cika shi da rana, da dare masu girbi su wanke ƙafa su shiga. Tsohuwar ƙa'ida mutum biyu ne ga kowace pipa, yau ɗaya ma ana godiya. Awa biyu na farko sunansa corte: a jeru kafaɗa da kafaɗa, hannu a wuyan juna, mutum ɗaya yana ƙirga taku, a tafi a hankali daga wannan bango zuwa wancan a dawo, don kada a bar tafin hannu ɗaya ba a taka ba. Bayan nan sai liberdade, wato 'yanci, kowa ya taka yadda ya so, da kiɗa. Tafin ƙafar mutum yana da nauyin da zai murje ɓawo a kan dutse, yana kuma da taushin da ƙwallo zai zame ƙarƙashinsa bai fashe ba. Washegari idan tsimuwa ta kankama, iskar da ke tasowa tana ɗago ɓawon sama ya yi tauri kamar murfi. Sai a shimfiɗa katako a kan lagar, mutane su tsaya a kai suna danna murfin ƙasa da wasu sanduna masu haƙora da ake kira macacos.

A shekarun 1960 ƙauyukan Douro sun yi ƙarancin maza. Wasu sun tafi ci-rani Faransa da Jamus, wasu an kwashe su yaƙe-yaƙen da Fotugal ta yi a Angola da Mozambik da Gini Bisau. Babu masu taka inabi, wutar lantarki kuma ba ta kai gonaki da yawa ba. Sai aka koma wasu tankunan siminti rufaffu waɗanda iskar tsimuwar da kanta ke tura ruwa sama ya zubo kan ɓawo, ba inji ba wuta. Sun ceci sana'ar, amma suna da naƙasu: ba sa fara aiki sai tsimuwa ta fara, don haka awannin farko masu daraja suna wucewa a banza. A ƙarshen shekarun 1990 iyalin Symington suka ƙera lagar na ƙarfe mai ƙafafun roba da inji ke motsawa, da bututun sanyaya shi. Yau kaso kaɗan ne na Port ake takawa da ƙafar mutum, kuma yawanci mafi tsadar ce.

Ga inda abubuwa ke lalacewa, domin a nan ake gane wanda ya iya. Na farko zafi. Ana son tsimuwa ta tsaya tsakanin digiri 26 da 30. Idan aka kawo inabin da ya sha ranar azahar aka zuba, zafin ya haura 33 ko 35, ƙamshin 'ya'yan itace yakan ƙone, yis ya sume, ƙwayoyin cutar da ke mayar da giya ruwan khal su samu fili. Shi ya sa ake fara tsinka da asuba. Idan kuma ya yi sanyi da yawa, launi ba ya fita.

Na biyu kuskuren awa. Ana auna kaurin ruwan da ma'aunin Baumé, wata kwalba mai iyo da ke nitsewa gwargwadon raguwar sukari. Inabi yakan fara a 12 zuwa 14, ana kuma tsayar da shi in ya sauko wajen 6 zuwa 8, gwargwadon zaƙin da gidan yake so. Lokacin da tsimuwa ke kan ganiyarta lambar tana faɗuwa da sauri, kuma ba ta jiran gari ya waye. Idan awon ya nuna ƙarfe uku na dare, ƙarfe uku ake tashi. Mai gwaninta yana buɗe lagar kafin lambar ta kai inda yake so, domin tsiyaye ruwan yana cin lokaci, yis kuma bai daina aiki ba. Wanda ya makara da 'yan awanni zai samu giya mai ƙarancin zaƙi, mai zafin barasa a maƙogwaro. Wanda ya yi gaggawa zai samu mai zaƙi fiye da kima, mara launi, kuma sai ya zuba aguardente mai yawa kafin ya kai kashi 19, ga shi barasar kuɗi ce.

Na uku, wanda sababbin shiga suke raina wa, shi ne gauraya. Aguardente ba ta da nauyin ruwan inabi mai sukari, in aka zuba ta a sama sai ta yi iyo. Ƙasan tankin ya ci gaba da tsimuwa kamar ba a yi komai ba. Don haka ake zuba su tare ta bututu ɗaya, ko a sa barasar a ƙasa a zubo ruwan a kanta, sannan a juya da famfo, a sake aunawa washegari. Tankin da ƙarfinsa ya tsaya ƙasa da yadda ake so, ga sukari jingim, gida ne ga wasu ƙwayoyin cuta masu jure barasa, su ne ke sa giya ta yi gurɓi ta yi tsami-tsami mai zaƙi. Ita kanta aguardente sai da tsafta, domin kashi ɗaya ce cikin biyar na abin da ke kwalba. An zaɓi 77 ne da gangan: ba a tace ta har ta rasa ƙamshin inabi ba, kuma sinadaran da suka rage cikinta suna taimaka wa launi ya zauna. Hukumar IVDP, mai kula da giyar Douro da Port, sai ta gwada ta ta amince kafin a yi amfani da ita.

Ɓawon da ya rage a lagar ana matse shi, ruwan da ya fito baƙi ne mai bauri, ana ƙara masa barasa daban a ajiye don haɗi. Giyar takan yi hunturu a gona, sanyi ya kwantar da laka, a tsiyaye ta zuwa wata ganga, a gyara ƙarfinta. Da bazara ta gabato sai a kai yawancinta Vila Nova de Gaia, garin da ke tsallaken kogi daga Porto, inda iskar teku ke sa sito ya yi sanyi da damshi. Da can a jiragen ruwa masu faffaɗan ciki da ake kira rabelos ake sauko da gangunan, tafiya mai haɗari, har zuwa shekarun 1960. Yanzu tankar mota ce.

Sunayen da za ki gani a kwalba duk labarin iska ne, wato nawa giyar ta shaƙa. Ruby ana ajiye ta shekara biyu ko uku a manyan tankuna inda iska ba ta taɓa ta sosai, ta fito ja wur. Tawny ana sa ta a ƙananan gangunan katakon oak masu lita 550 zuwa 600, iska tana shiga ta katakon, launi ya koɗe ya koma ruwan zuma, ɗanɗano ya koma na gyaɗar waje da busasshen ɓaure. Kowace shekara wajen kashi 2 ko 3 cikin 100 na tafiya a tururi, a cikin kwarin Douro ma fiye, kuma wannan asarar tana cikin dalilan tsadar tsohuwar Tawny. Lambar 10, 20, 30 ko 40 da ke jikinta ba shekarar girbi ɗaya ba ce, haɗi ne na ganguna daban-daban da ya ba da ɗanɗanon wannan shekarun, kuma kwamitin masu ɗanɗano na IVDP ne ke tabbatarwa. Colheita Tawny ce ta girbin shekara ɗaya da ta yi aƙalla shekara 7 a ganga. Vintage kuwa akasin haka ce: girbin shekara ɗaya mai kyau ƙwarai, a ɗura ta a kwalba tsakanin shekara ta biyu da ta uku ba a tace ba, ta ci gaba da nuna a kwalba shekara 20, 30 ko fiye. Manyan gidaje ba sa fitar da ita kowace shekara, kamar sau uku ne a shekara goma, irin su 1963, 1977, 1994, 2011. LBV, wato Late Bottled Vintage, girbin shekara ɗaya ce da aka ɗura tsakanin shekara ta huɗu da ta shida. Akwai fara da ake yi da farin inabi. A aikin otal ki tuna Vintage tana tara laka, sai an tsayar da kwalbar kwana ɗaya an tsiyaye ta a hankali, kuma in an buɗe kwana biyu ko uku ne ƙarfinta, ita kuwa Tawny da ta saba da iska takan yi makonni a wuri mai sanyi.

Sai rabin tambayarki na biyu, wanda a ganina ya fi na farko muhimmanci, kuma shi ne littattafan darasi suka fi yi wa gajeren bayani. Kalmar gonar iyali tana rufe mutane iri uku da halinsu bai yi kama da juna ba.

Akwai iyalan 'yan kasuwa, masu sito a Gaia, waɗanda sunansu ke kan kwalba. Da yawansu asalinsu baƙi ne. Cinikin ya bunƙasa ne lokacin da Ingila ke rigima da Faransa, musamman bayan yarjejeniyar Methuen ta 1703 da ta sauƙaƙa harajin giyar Fotugal a Ingila. Gidan Kopke ya samo asali daga 1638, Taylor's daga 1692, Niepoort, iyali ne 'yan asalin Holan, daga 1842. Andrew James Symington ya zo Porto daga Sikotland a 1882, zuriyarsa ce yau ke riƙe da Graham's da Dow's da Warre's da Cockburn's. Poças na 'yan Fotugal ne tun 1918. Yawancin waɗannan iyalai ne na gaske, wasu zuriya ta biyar, amma ƙarni da yawa ba manoma ba ne, saye suke yi su haɗa su adana su sayar. Ko yanzu da suka mallaki manyan gonaki, yawancinsu suna sayen inabi mai yawa daga wasu. Wasu sunaye kuma tuni sun bar hannun masu su: Sandeman da Ferreira suna ƙarƙashin kamfanin Sogrape, Quinta do Noval ta koma hannun kamfanin inshora na AXA a 1993, Ramos Pinto na gidan Roederer na Faransa.

Akwai masu quinta, wato gandu mai gida da lagar da sito. Babbar abin misali ita ce Dona Antónia Adelaide Ferreira, wadda ta rayu daga 1811 zuwa 1896, bazawara da ta tara gonaki a zamanin da cuta ke kashe inabi. Quinta do Vallado da Quinta do Vale Meão har yau suna hannun zuriyarta. Irin waɗannan gandaye sun daɗe a ɗaure, domin daga 1926 doka ta ce duk Port da za ta fita waje sai ta bi ta Gaia. Manomin da ba shi da sito a can dole ya sayar wa mai sito, sunansa ya ɓace cikin haɗi. A 1986, shekarar da Fotugal ta shiga ƙungiyar ƙasashen Turai, aka sassauta dokar, gandu ya samu damar fitar da giyarsa kai tsaye daga Douro. Daga nan iyalai irin su Roseira na Quinta do Infantado, Bergqvist na Quinta de la Rosa da Roquette na Quinta do Crasto suka fito kasuwar waje da sunansu. Shigar ba arha ba ce. Akwai dokar kashi ɗaya cikin uku, wadda ta hana ɗan kasuwar Port sayar da fiye da kusan sulusin abin da ke sitonsa a shekara. An yi ta ne don kada a sayar da ɗanyar giya, amma ma'anarta ita ce kuɗin mutum zai kwanta a ganga shekaru kafin ya ga riba.

Na uku su ne mafi yawa, kuma ba za ki ga sunansu a ko'ina ba. Douro na da manoman inabi wajen 20,000 a kan hekta dubu arba'in da 'yan kai, wato kusan hekta biyu kowane mutum, da yawa ma ba su kai ɗaya ba, kuma a warwatse, nan ƙyalle can ƙyalle, saboda rabon gado zuriya bayan zuriya. Wanda ya ga yadda gonar kaka ke komawa kunya goma-goma a hannun jikoki ya san abin. Waɗannan ba sa yin giya, inabi suke kai wa manyan gidaje ko ƙungiyar gama-kai, a auna a biya su bisa kilo 750 a matsayin pipa ɗaya.

Abin da ke riƙe da rayuwarsu takarda ce mai suna benefício, izinin mayar da wani adadi na amfanin gona Port. Tushenta tsoho ne. A tsakiyar ƙarni na 18 algus ya yi yawa, ana zuba ruwan 'ya'yan wata bishiya don ƙara launi, farashi ya faɗi. A 1756 Marquês de Pombal, babban ministan Fotugal na lokacin, ya kafa kamfanin gwamnati, aka shata iyakar yankin da turakun dutse sama da 300, wasu suna nan tsaye. Tsarin da ake bi yau kuwa masanin noma Álvaro Moreira da Fonseca ne ya tsara shi a ƙarshen shekarun 1940. Ana ba kowace gona maki bisa abubuwa 12: inda take, tsayinta daga teku, gangarenta, inda ta fuskanta, kāriya daga iska, irin ƙasa, yawan tsakuwa, irin inabi, shekarun itatuwa, yawansu a hekta, yadda aka ɗaura su, da yawan amfanin da take bayarwa. Abin da zai ba manomin hatsi mamaki shi ne gonar da ta fi ba da amfani ita ake rage wa maki, domin inabi mai yawan ruwa ba ya da launi. Gonar da ta haura maki 1,200 ita ce A, a sauko har F. Kowace shekara IVDP tana duba ciniki da abin da ke sito ta yanke jimlar da za a yi, a raba, A ta fi kowa samu a hekta. Inabin da ke cikin izini yakan yi kuɗin wanda ba ya ciki sau biyu ko fiye, ko da daga itace ɗaya aka tsinko su. Wanda ya rage sai ya tafi giyar tebur, wato giyar inabi ta yau da kullum, sau da yawa a farashin da bai biya kuɗin noma ba.

Kuɗin noman kuwa ba wasa ba ne. Tsofaffin gonaki suna kan dakalai masu bangon dutse da aka jera ba siminti, socalcos, itace wajen 6,000 a hekta, tarakta ba ta shiga, sai alfadari da hannu. Bango ɗaya in ruwa ya kayar da shi, gyaransa na iya cinye ribar shekara, masu iya jera dutsen kuma sun tsufa. Daga shekarun 1970 aka shigo da katafila ana yanka dakalan ƙasa marasa bango, patamares. Ƙaramar tarakta na bi, amma itatuwa sun ragu zuwa wajen 3,000 ko 3,500, ciyawa ta mamaye gefen dakalin, kuma idan ba a karkata shi kaɗan aka yi masa magudana ba, ruwa guda mai ƙarfi sai ya yage shi. Shi ya sa yanzu ake yin siriri mai layi ɗaya. Inda gangaren bai wuce kusan kashi 30 cikin 100 ba ana shuka layi daga sama zuwa ƙasa, vinha ao alto. Duk itacen da aka dasa sai an yi masa aure da saiwar inabin Amurka, saboda ƙwaron filoksera da ya shigo a shekarun 1860 yana cin saiwar na Turai. Dakalan da aka bari tun wancan bala'in suna nan a kan tsaunuka, ana kiransu mortórios. Ga feshin farar wuta don fumfuna, ga datsa rassa a hunturu, ga jira, domin sabuwar gona sai ta yi shekaru kafin a lissafa ta cikin izini. Tsofaffin gonaki suna da iri 20 ko 30 a cakuɗe, sababbi kuma an ware su: Touriga Nacional, Touriga Franca, Tinta Roriz, Tinta Barroca, Tinto Cão. Ni ina ganin cakuɗen nan na kakanni hikima ce da ba a gama gane ta ba, domin a shekarar da zafi ya ƙona Tinta Barroca ta yamushe, Touriga Franca da ke gefenta takan jure.

UNESCO ta sa Alto Douro, yankin gonakin inabin kwarin, cikin wuraren tarihi na duniya a 2001, baƙi suka yi yawa, gandaye suka buɗe masauki da gidan abinci, kuma ga wasu iyalai kuɗin baƙi ya zama abin dogaro tare da giyar tebur. Ƙaramin manomi bai da ɗakin saukar baƙi. Shan Port yana raguwa a kasuwanninta na gargajiya, izinin shekara kuma yana bin sa: pipa 116,000 a 2022, 104,000 a 2023, 90,000 a 2024. Duk pipa da aka cire daga aljihun wani mai hekta ɗaya ko biyu aka cire ta. Ana gardama sosai a yankin. Manyan gidaje da dama suna cewa tsarin ya tsufa, yana tilasta musu sayen takarda maimakon inabi mai kyau, yana kuma sa giyar tebur ta yi arha ta ƙarya. Ƙananan manoma suna cewa in an cire shi ƙauyuka za su watse. Kowane ɓangare na da gaskiyarsa, amma ba na ganin adalci ne a rushe shi ba a tanadi abin da zai maye gurbinsa ba, domin bangon dutsen da ake ɗaukar hotonsa waɗannan mutanen ne ke gyara shi.

Idan kina son gane wane iri ne a hannunki, duba kwalbar. Takardar hatimin IVDP mai lamba a wuyanta ko a bayanta tana nuna Port ce ta gaske, domin a Turai doka ta hana wata giya ɗaukar sunan. Kalmar Quinta tare da sunan wuri tana nufin inabin daga wannan gandun ya fito, amma ba ta nuna wa ke da shi: Quinta de Vargellas ta Taylor's ce, Quinta do Vesúvio ta Symington ce tun 1989. Sai ki juya baya ki karanta wa ya yi, wa ya ɗura, kuma a ina. Idan adireshin Gaia ne, akasari ɗan kasuwa ne mai haɗa inabin manoma da yawa. Idan sunan gandun ne da wani gari na kwarin, irin su Pinhão ko Sabrosa ko Vila Nova de Foz Côa, to mai yiwuwa waɗanda suka noma su ne suka taka suka ɗura.